Riga Ɗaya a Kan Igiya

A ofis Shiru-shiru ake ce masa. Teburinsa na can ƙurya bayan injin buga takardu, inda ba mai zuwa sai takarda ta maƙale. Aikinsa shi ne gina gidaje a cikin kwamfuta kafin a gina su a ƙasa, don masu binciken muhalli su ga wanda sabon gini zai tare wa rana.

Wannan karon bene ne mai hawa goma sha biyu. Ya tsayar da shi, ya jera gidajen maƙwabta kala-kala: mai mutane ruwan ɗorawa, kango ruwan toka. Inuwar da ta faɗa kan kango ba ta shiga rahoto.

Gida na sha bakwai kango aka rubuta. Amma a hoton da aka ɗauka daga sama ya hango igiya a tsakar gidan, da riga ɗaya. Ya buɗe hoton watan jiya: riga ɗaya ce, wata kala daban. Ya san irin wannan shanyar. Tun rasuwar matarsa haka igiyarsa take.

"Injiniya, akwai mutum a sha bakwai," ya ce wa shugaban aikin.

"Jama'a ku zo, bango ya yi magana!" in ji Injiniya. Aka yi dariya. "Sau biyu 'yan safiyo suka buga ƙofar, ba amsa. Gobe rahoto zai tafi."

Lokacin cin abincin rana ya nufi gidan. Ya yi sallama, shiru, ya tura ƙofa. Ga wani tsoho a kujera, ya naɗe wando, ya miƙe gwiwoyi a rana.

"Baba, sannu da hutawa!"

"Ɗaga murya, ɗana, kunnen ya riga ni ritaya."

"Kai kaɗai ne a gidan?"

"Ni da ranar nan. Ita ce likitan gwiwata. Sha ɗaya take leƙo ni, biyu ta yi gaba. Zauna mana, ta ishe mu."

Ya zauna. A kwamfutarsa, daga sha ɗaya zuwa biyu tsakar gidan nan baƙa ƙirin ce da inuwar benen.

Da ya koma ya mai da gidan ruwan ɗorawa. A gurbin mazauna ya rubuta: ɗaya.

Injiniya ya leƙo ta kafaɗarsa. "Ka san ɗayan nan zai sa a sake lissafin inuwa daga farko? Wataƙila ma a rage hawa."

"Na sani."

"To, kai za ka yi abinka."

Aka watse aka bar shi. Ya gyara zama, ya jawo ranar da ke cikin kwamfuta zuwa ƙarfe sha ɗaya, ya soma lissafin inuwa.