Shingen da Brodie Ya Kafa

A garin Tandagin ba a tambayar wace yarinya za ka raka liyafar kammala sakandare, don kowa ya riga ya sani. Abin tambaya shi ne da me za ka kawo ta. Duk shekara mutanen gari kan fito da kujerunsu su jeru a gaban zauren taro, suna kallon 'yan ajin ƙarshe suna isowa biyu-biyu, ana tafi ko ana ihu gwargwadon abin hawan. An taɓa zuwa a tarakta, an taɓa zuwa a motar kwasar tumaki, har wani marar kunya ya taɓa turo budurwarsa a baro. Amma ba wanda ya taɓa zuwa a injin girbi. Wannan tunanin ne ya shiga kan Brodie Hennig ya ƙi fita.

Yarinyar ita ce Tahlia Pascoe, 'yar maƙwabtansu. Shingen waya ne kawai ya raba gonar alkamar su Brodie da ta su Tahlia, kuma tun suna firamare motar makaranta ɗaya ke ɗaukarsu. Brodie yana son ta, irin son da ke hana yaro faɗin magana mai kan gado. Ita tana shirin tafiya jami'a a Perth da zarar hutun zafi ya ƙare, shi kuwa gona ce jami'arsa. Tsoronsa ɗaya ne, kada ta je birni ta manta da shi. A wautarsa ta ƙuruciya, yarinyar da aka kai liyafa a injin girbi ba ta manta direban.

Babansa, Graeme, ya yarda tun da wuri yana dariya. Brodie ya wanke injin har yana ɗaukar ido, ya ɗaura masa ƙyallaye korra, launin rigar Tahlia.

Ranar liyafa gari ya waye da zafi mai ƙona fata da iska mai ƙarfi daga arewa. Kafin hantsi saƙon hukuma ya shigo wayar kowa: saboda gudun gobara an hana girbi, an hana motsa kowane inji a gona har sai an ji wata sanarwa.

"To, ka dai gani," in ji Graeme. "Sai ka ɗauki a-kori-kura."

"Baba, ai ba girbi zan yi ba. Titi zan bi."

"Na ce a'a. Ko kunnen naka ma ya gama makaranta ne?"

Da rana iyayen suka wuce gari don taimakawa da shirya zaure. Aka bar Brodie a gida, shi da kwat ɗin aro da makullin injin a rataye a bayan ƙofa. Ai kuwa ya ɗauka.

Da titin ya bi kamar yadda ya ce, wataƙila da abin ya tsaya a faɗa. Amma titin zagaye ne, injin kuma tafiyar hawainiya gare shi, ga lokaci ya ƙure. Sai ya buɗe ƙofar shinge ya yanke ta gefen alkamar Pascoe. Alkamar nan tana tsaye, ta bushe ƙamas, don injin Neville, baban Tahlia, ya lalace, wannan na su Brodie ɗin yake jira a gama da shi a zo a taya shi. Ko ƙarfe ne ya gogi dutse, ko wani abu ne ya yi zafi a cikin injin, har yau ba a daidaita ba. Brodie dai bai ga komai ba. Ya ƙure kiɗa, yana bitar abin da zai faɗa.

Ya tsaya a ƙofar gidan su Tahlia ya danna hon. Tahlia ta fito cikin doguwar rigarta koriya, an gyara mata gashi, ta yi kyan da ya kusa tsayar masa da numfashi. Sai dai ba shi take kallo ba, bayansa take kallo.

"Brodie," ta ce, "me ka yi?"

Ya waiwaya. Hayaƙi ya riga ya tokare sama, wuta kuma na gudu cikin alkama fiye da gudun doki.

A gari, masu jiran kallo suka hango hayaƙin, suka bar kujerunsu a titi. Samarin ajin suka iso a bayan motocin ruwa da kwat-kwat ɗinsu, 'yan matan suka tuɓe takalma masu tsini suka kama tiyo. Tahlia ta tattare riga ta ruga don ta buɗe wa tumaki ƙofar garke, amma wutar ta riga ta isa. An ceci gidan da ƙyar. Alkama, rumbu, shinge, duk suka tafi. Abincin liyafa kuwa 'yan kwana-kwana ne suka cinye shi a tsaye, fuskokinsu baƙi ƙirin.

Washegari Neville ya fito da bindiga. Tumakin da suka mutu sun huta; akwai waɗanda ke tsaye, ulu ya ƙone, kofato ya saɓule, ba sa ko kuka. Ya ga Brodie a bakin gona, ya yafito shi.

"Zo ka riƙe min su."

"Mista Pascoe, ni ban san..."

"Riƙe kan da kyau, yaro. Kada ka sa in harba sau biyu."

Iyakar abin da ya ce ke nan har rana ta take. Brodie ya so a ce mari ya sha ko zagi, amma ba wanda ya yi masa wannan alfarmar. Da aka zo kan wata tunkiya da Tahlia ta raina da kwalbar madara tun tana jaririya, sai yarinyar ta karɓi bindigar daga hannun babanta ta yi da kanta. Ko inda Brodie yake ba ta duba ba.

Haka hutu ya fara. 'Yan ajinsu suka tafi bakin teku suna turo hotuna. 'Yan sanda suka zo suka yi nasu tambayoyin, magana ta tafi kotu. In ya shiga kanti sai hira ta mutu. Wata rana wani abokinsa ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Direba! Yaushe za ka sake kai mu liyafa?" Brodie ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ba wanda ya sa shi, shi ya ɗora wa kansa sake kafa shingen da ke tsakanin gonakin biyu, shi kaɗai. Kullum da sassafe yana can cikin toka, yana haƙa rami a ƙasa mai taurin dutse, ya kafa turke, ya ja waya. Hannunsa ya yi kanta ya fashe ya sake yin wata. Kirsimeti ta zo ta wuce, sabuwar shekara ma haka, Tahlia ba ta ce masa uffan ba. Ya sa wa ransa cewa ranar da shingen ya kammala za ta yi magana. Ba shi da wata hujja, amma da wannan yake iya tashi da safe.

Saura kaɗan ya gama, wata safiya a ƙarshen hutu, sai ga motar maman Tahlia ta biyo hanyar gona, bayanta cike da akwatuna. Tahlia ce ke tuƙi. Ta tsaya, ta sauke gilashi, ta bi shingen da kallo har ƙarshensa.

"Ya miƙe," ta ce. "Ka iya aiki."

Ya matso kusa da motar. "Tahlia, ki yi haƙuri. In kin dawo hutu za ki tarar na gama, har rumbun ma zan..."

"In dawo ina?"

Ya ajiye digar da ke hannunsa.

"Au, ba su faɗa maka ba? Baba ya sayar da gonar. Ya ce ba shi da ƙarfin farawa daga toka a shekarunsa. Wajen gwaggona za su koma, can bakin teku."

"Wa ya saya?"

"Babanka mana. Wa kuma zai sayi gawayi? Ya ce nauyi yake ji, kuma Baba ya ce ya yi mana mutunci." Ta share ido da bayan hannu, muryarta ba faɗa a ciki, gajiya kawai. "Gona ɗaya ce yanzu, Brodie. Kafin shuka zai sa ka cire wannan shingen, don injin ya riƙa wucewa kai tsaye."

Ta tayar da mota, sannan ta sake dubansa, karo na farko ido cikin ido tun ranar.

"Ni fa ko a ƙafa ka zo ranar nan, da na bi ka."

Ya tsaya har motar ta hau titi ta ɓace. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, ya rasa inda zai kai shi. Ga turakun da suka rage a zube a gabansa, ga rami ya haƙa rabi. Sai ya sunkuya ya ɗauki diga ya ci gaba da haƙa.