Taku Talatin da Biyu

Daga ƙofar gidan Malam Sabitu zuwa bakin shagona taku talatin da biyu ne. Ba ni na ƙirga ba, matarsa Maimuna ce. Tun da ciwon suga ya cinye mata ido ta ƙi zaman ɗaki, ta kuma ƙi a ja mata sanda. Kullum da hantsi za ta fito da mayafinta, ta dafa ƙyaure, ta miƙe sak bakinta na motsi. In ta kai talatin da biyu sai ta ce, "Maman Amos, ina bencina?" Ta zauna tana tsinke min alayyafo, tana tsokanar duk wanda ya zo sayen manja. Shekara ashirin muna maƙwabtaka a wannan layi na Gwallaga, ni Cecilia mai kayan miya, ita kuma mai baki.

A taku na sha ɗaya akwai kwalbati. Farkon damina wata tifar yashi ta taka murfinsa ya rufta. Ramin ya kai ƙugun mutum, ga rodi tsirara a ciki.

Malam Sabitu magini ne, ya zuba irin wannan murfin ba adadi. A ranar ya fito da tef ya auna. Mai unguwa ya tare shi, ya ce titin na gwamnati ne, ko bara an tone wa wani aikinsa saboda ya taɓa titi ba izini. Shi kuwa Malam Sabitu mutum ne da ko layin shan mai ba ya tsallakewa. Na sha gaya masa gaskiyarsa ta yi yawa.

Washegari ya saka babbar riga ya tafi ofishin masu kula da tituna. Ya tarar da wani akawu mai suna Istifanus, mai kirki, har kujera ya ba shi. Akawun ya ajiye takardu biyu a tebur ya tambaye shi, rahoto ya kawo ko izini yake nema. To, dattijo irin Malam Sabitu ba ya shiga wuri ya fara da roƙo. Sai ya gaisa, ya faɗi abin da ya faru, sannan ya kawo buƙata. Ya ce rahoto tukuna. Aka cika takarda aka buga hatimi. Da ya gyara zama ya ce yanzu kuma sai izinin gyara, sai Istifanus ya dafe kai. Ashe da zarar rahoto ya shiga fayil, ramin ya zama aikin ofis, ba a ba kowa izinin taɓa shi sai injiniya ya je ya gani ya sa hannu. Da izini ya fara nema, da kwana uku sun isa.

Kalma ɗaya ce fa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ya dawo ya yi abin da kowa ke yi, ya sari reshen dogon yaro ya kafa a ramin. Maimuna ta yi dariya har da tafi, ta ce ai mai ido aka kafa wa wannan. Sai ya kama hannunta ya koya mata sabon lissafi: taku tara, ta juya hagu taku huɗu har ta taɓa katanga, ta bi katangar taku biyar, ta dawo dama. Tafiyar ta zama arba'in. Ta iya, amma ba ta so. Ta ce min tun da ido ya tafi, wannan hanya kaɗai ce take bi ba tare da ta roƙi kowa ba.

Murfin kuwa bai fasa zubawa ba. A tsakar gida ya ɗaura rodi, ya kwaɓa siminti, ya zuba shi daidai awo. Sabon siminti yana son ruwa safe da yamma, Maimuna ta karɓi wannan aiki. Ta kan laluba da buta tana yayyafa masa, tana kiransa autan gida, mai sha ba ya ci. Murfi ya bushe ya yi ƙwari, aka jingine shi a zaure yana jiran takarda.

Duk Litinin Malam Sabitu yana ofis. Yau injiniya ya fita zagaye, wani makon motarsu ba lafiya. Na ce masa, "Malam, sa abin nan mana, wa zai gani?" Ya ce ya riga ya sa hannu a takarda, ba zai zama mai baki biyu ba. Sati bakwai aka yi haka. Awaki suka cinye ganyen reshen, ya rage sanda tsirara.

Ranar wata Laraba wani mai keke ya ajiye kekensa a jikin katangar ya shiga shan shayi. Ni kuma na shiga ciki ɗebo gishiri, ba zan ɓoye wannan ba. Kullum idona na kan hanya a wannan lokacin, ranar ce kawai na juya baya. Maimuna ta kai hannu neman katanga ta ji ƙarfe. Ta kewaye shi, lissafi ya ɓace mata, ba ta kuma kira kowa ba don ba halinta ba ne. Salatinta na ji.

Ƙugu ya karye, rodi ya yage mata cinya, ciwon mai suga kuwa ba ya warkewa da wuri. Kwana tara ta yi a asibiti kafin ta rasu. Da na je dubiya ta riƙe hannuna ta ce kada in bari Malam ya ɗora wa kansa, ita ce ta yi kuskuren ƙirga. Har a nan tana kare shi.

Safiyar jana'iza ina tsaye a ƙofar shago ina kuka. Maza suka duba suka ga masu ɗaukar makara ba za su iya ratsawa tsakanin rami da katanga ba. Ba wanda ya yi shawara da kowa. Mutum shida suka shiga zaure suka ciccibo murfin, mai unguwa na cikinsu, suka ɗora. Ya zauna daram kamar a nan aka haife shi. Ko minti goma ba a yi ba. Malam Sabitu yana tsaye yana kallo, bai sa hannu ba. Ta kan murfin aka wuce da ita, a miƙe.

Ranar sadakar uku Istifanus ya zo a kan babur, fuskarsa a sake, da ambulan a aljihun riga. Da kansa ya bi injiniyan har gida ya samo sa hannu. Ya ga an tare layi da bencuna da tabarmi, ya tsaya ya tambaye ni ko biki ake. Na gaya masa. Ya daɗe bai sauka daga babur ba. Daga baya ya cire takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa, yana ta danne aljihun da tafin hannu. Malam Sabitu ya lura, ya miƙa hannu ya karɓa. Ya karanta a hankali: an ba shi izinin gyara kwalbati cikin kwana goma sha huɗu.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana," in ji shi. "Ka je ka rubuta an gama."

Bayan an share makoki, wata rana da hantsi na hango Malam Sabitu ya fito ya dafa ƙyaure. Ya rufe ido ya taho a miƙe, bakinsa na motsi. Ya taka murfin ya wuce. Da ya iso bakin shago ya buɗe ido, ya ce shi ashirin da takwas ya samu, ashe takunta ƙanana ne, bai taɓa lura ba.

Na jawo masa bencin. Ya dube shi, ya kasa zama.