Kabarin Uwar Tiyamike

Da gwamnati ta zana sabuwar unguwa a birnin Lilongwe, an tashi ƙauyen su Kamwendo, aka bar kurmin maƙabarta tsakanin layukan gidaje. Unguwa ta cika, masu ƙona bulo suka sassare itatuwan.

Yau 'yarsa Tiyamike ta zo da magini, za a ɗora dutse a kabarin uwarta. Bishiyar da Kamwendo ke gane wurin da ita, ko kututturenta babu.

"Baba, ina ne? Siminti zai sandare," in ji Tiyamike.

"Tsoho, ko ita ma an tashe ta?" in ji maginin.

Kamwendo ya dubi filin, bai gane kabarin ba. Ya ɗaga sandarsa ya nuna tudun da ya fi kusa. Nan aka zuba simintin.