Ɗaki Marar Azara

Ma'aunin zafi biyu, igiyar awo, takardun komin, wato ƙaramar hukumarmu, jarkar ruwa, dabino cikin leda, batir a buhu, fanka, da fano, farantin nan mai tara hasken rana, ɗaure a bayan babur. Da su na bar Belbeji na yi arewa, ranar Talata, a tsakiyar bazara.

Aikin ba shi da wuya. Magajin gari ya yi shela cewa duk wanda ya gina ɗaki da tubalin laka zalla, rufin kubba, ba azara ba kwano, za a ba shi fano da batir da fanka. Itace ya ƙare a daji, kwano kuma gasa mutane yake yi. Sharuɗɗa biyu ne. Cikin ɗakin ya fi waje sanyi da digiri shida da azahar, kuma a sami mai kwana a ciki. Ni ke aunawa, ni ke sa hannu. Shekara biyar na yi a Aljeriya ina karatun gini, da na dawo wannan aikin aka samo mini.

Gidan da zan duba ranar na Rissa ne, Ba'abzine da fari ya kashe wa raƙuma, ya zauna wuri ɗaya shekara uku da suka wuce, nesa kaɗan da wani ƙauyen manoma. Yana tare da uwarsa Fatimatu da matarsa Binta, mai cikin wata takwas. Don Binta ya yi ginin. Likita a Belbeji ya ce jininta ya hau, zafin nan zai iya kashe ta.

Na same ta kwance a tsohon ɗakin kwano, an jiƙa zane an rufe ta da shi. Daga ƙofa nake jin numfashinta. Sabon ɗakin yana can gefe, kwana goma sha biyu da gamawa, babu ko tabarma a ciki. Awaki suna tsaye a rana, inuwarsa kuwa ba kowa.

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi kayan hannuna. Rissa ya gaya mata inda na yi karatu.

"Har ƙasar Larabawa ka je, ɗana, don su gaya maka laka ta fi ƙarfe sanyi? Da ka kawo mini goro na gaya maka."

Na ce ai su ma ba goro suka karɓa ba, Inna. Ba ta yi dariya ba.

A waje ma'auni ya nuna arba'in da biyar. Na shiga ɗakin ina tsammanin talatin da shida, shi na saba gani. Ya sauka zuwa ashirin da ɗaya. Na fito da na biyu, shi ma haka. Na taɓa bango, busasshe ne ƙayau. Tsigar jikina ta tashi kamar a watan sanyi.

Kubba tana maido da sauti, wannan sananne ne. Shi ya sa da na ji numfashi a bayana ban juya ba. Na dai riƙe nawa don in tabbatar. Na bayana bai tsaya ba, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. A hankali yake fita, kamar na masu barci.

Ina fitowa idona ya faɗa kan tubalin bakin ƙofa. Akwai guntun kasko baƙi a jikinsa. Na gaba ma haka, na samansa ma. Na tambayi Rissa inda ya haƙo ƙasa. Ya ce maginin da komin ya turo daga Tanut jera tubali kawai ya yi, bugun tubalin shi ya yi da hannunsa. Ya kai ni wani ɗan tudu bayan gida, inda ciyawa ba ta fita. Ya ce ƙasar nan ta fi ta ko'ina danƙo.

Na sauka ramin. A jikin gefensa rabin tukwane ne a kife, jere da jere, layi bayan layi, duka daga kudu zuwa arewa. Wasu layukan ba su kai kamu biyu ba.

Ni ɗan Ollelewa ne. Da irin waɗannan tukwanen muka rufe kakana kafin a zuba ƙasa. Na gaya wa Rissa tsohuwar maƙabarta ce ya haƙa. Ya ce sai da ya duba, babu dutse ko ɗaya. Su da duwatsu suke gane kabari, inda babu dutse fili ne. Ya ce mutanen ƙauye sun wuce shi yana haƙa, sun yi masa sannu da aiki, daga baya kuma suka sake hanya. Ya ɗauka ƙyamar baƙo ce.

Muka koma gida. Na zauna kan turmi da takardar a gwiwata. Sharaɗin farko ya cika har ya yi yawa. Na biyu bai cika ba. Na gaya masa gaskiya, in babu mai kwana a ɗakin, fano da fanka su koma Belbeji yau. Amma in akwai, takardar ba ta faɗi ɗakin da za a rataya fankar ba. Zan iya ja masa waya zuwa inda Binta take.

Rissa ya ce to shi zai kwana.

Fatimatu ta yi masa magana da Tamajak, gajeriya, ya sunkuyar da kai. Sannan ta juyo wurina da Hausa. Ta ce tun ranar da aka rufe kubbar ta sani. Ta shiga da tsintsiya ta ji su, ta yi musu sallama ta fito. Ba ta gaya wa ɗanta ba, don wata biyu ya yi yana kwaɓa laka.

Na ce, "Inna, zan iya cewa ban sami hanya ba, in dawo wani sati."

"Ka ji yadda yarinyar can take numfashi, kake maganar sati?"

Ta shiga bukkarta ta fito da tabarma da buta da bargo. Rana tana tsaka, bargon yana kafaɗarta. Rissa ya miƙa hannu ya karɓar mata, ta hana shi. A bakin ƙofar sabon ɗakin ta cire takalmanta, ta jera su, ta yi sallama da murya ƙasa ƙasa. Ta ɗan tsaya, kanta a karkace, kamar mai jiran a amsa. Sannan ta shiga.

Ta ja ƙyauren ƙarfen ya rufu. Na ji ta sa sakata.

"Rubuta sunana, ɗan komin," ta ce daga ciki. "Ni ce mai kwana. Rissa da Binta da abin da za ta haifa, kada ƙafarsu ta taka nan ko bayan raina."