Rabon Iya Sailuba

"Buɗe hannunki, Iya," na ce.

Ta buɗe tana dariya. Farar ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, ta maganin hawan jininta, za ta miƙa wa mai tallar nono da ta yi kukan ciwon kai.

"Haba Maijidda, baiwar Allah tun daga bayan Tukur-Tukur take tafe da ƙwarya a ka. In bar ta ta koma haka?"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Iya Sailuba a cikin birni. A wancan zamanin, kafin a cika lungunmu da ƙyauren ƙarfe, miya ma ta kan katanga ake miƙa ta. Tun ina amarya na san Iya, ban taɓa ganin ta ci abu ita kaɗai ba. Goro ɗaya sai ya zagaye tsakar gida. To, da likita ya ɗora ta a kan magani, ɗanta Jibril yana kawo na wata guda daga Kaduna, sai ta mai da shi goron. Mai jiri ta samu, mai ciwon baya ta samu. Kafin wata ya raba, kwalba wayam.

Na yi faɗa har na gaji, na kai ƙara wajen Jibril. Ya durƙusa gabanta.

"Iya, wannan ba na rabo ba ne. Kullum za ki sha, ko kin ji garau."

"Na ji, likita," ta ce.

Abin da ta ji shi ne ta riƙa ɓoye mini.

Wata rana da hantsi ta yanke jiki ta faɗi, tana tsintar shinkafa a faifai. Na same ta baki ya karkace, kwalbar babu ko ɗaya. A asibiti ta cika. Na yi kuka, na kuma ji haushinta, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Ranar sadakar uku, Mariyamu mai daddawa ta zauna kusa da ni, ta kwance bakin zanenta. Fararen ƙwayoyi ne a ƙulle, da yawa, wasu har sun dagargaje.

"Ita take ba ni. Ni ba na shan maganin asibiti, kunyar mayar mata nake ji."

Ta juye su a kan tabarma tsakaninmu. A zaure maza suka shafa fatiha.