Wuyana a Hannun Surukina

Wuya ne ya ci amanata. Na daɗe ina tuƙa bas ɗin ma'aikatan kamfani, ciwon yana zaune tsakanin kafaɗata da ƙeya kamar an kafa ƙusa, ni kuma ina daurewa. Sai ranar da na zo shan kwana na kasa waiwayawa dama, saura ƙiris in take wani mai keke. Manaja na cikin motar. Da muka isa ya ce, "Malam, je ka nemi magani. Ran Litinin in wuyan nan bai juya ba, ka ajiye mana makulli."

Babbar 'yata ce ta kafe sai na je wurin mijinta. Sana'arsa tausa ce, irin wadda ake dannawa har can cikin tsoka don masu daɗaɗɗen ciwo. Yaron kirki ne, ba ni da ta cewa a kansa. Amma tun da ya auri 'yata ko loma ban taɓa kaiwa baki a gabansa ba, balle in tuɓe riga.

Na tuɓe kuwa. Ɗakin ƙarami ne, da fanka da kwalbar mai da wani siririn gado mai rami a wajen kai. Na kwanta rub da ciki na cusa fuskata a ramin, ina godiya ga wanda ya ƙirƙiro shi, don ko ba komai ba za mu haɗa ido ba.

"Baba," in ji surukin nawa, "aikin nan da bakinka ake yin sa. Ni ba na jin abin da kake ji. In zafin ya kai inda numfashi ke gagara, ka faɗa mini in sassauta."

"Kai dai yi aikinka."

Ya shafa mai, ya fara da tafin hannu, ya koma babban yatsa, sannan ya kafa gwiwar hannu a daidai ƙullin ciwon. Wayyo Allah! Sai da na ga wuta. Amma in yi raki a gaban mijin 'yata? Na cije leɓe.

"Baba, da zafi?"

"Ka ma fara ne?"

"Na ji kamar kana ɗaure jiki."

"Haka jikina yake. Ƙara."

Na san hannunsa ya gaya masa gaskiya, to amma wane yaro ne zai ce wa uban matarsa ƙarya yake yi? Ya ƙara. Hawaye suna ɗiga ta ramin nan zuwa ƙasa, ni kuma ina ta cewa ya ƙara, sai ka ce wani zai ba ni lambar yabo.

Washegari kafaɗar ta kumbura suntum, wuyan da a da yake ɗan motsawa ya ƙage gaba ɗaya. Ran Litinin manaja ya tsaya a bayana ya kira ni, sai da na juya da dukan jikina kafin na gan shi. Hannu kawai ya miƙo. Na zura masa makullin, ban iya kallon sauran direbobi ba.

Da yamma 'yata ta zo, idonta jawur, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, ka yi haƙuri. Wallahi na yi masa tatas. Ya za a yi mutum ya danne dattijo haka bai ko tambaye shi ba? Tun shekaranjiya ban kula shi ba."

"Shi me ya ce?"

"Me zai ce? Ya ce laifinsa ne, hannunsa ne ya yi nauyi."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa kaina. Na so in girgiza kai ta gane ba haka aka yi ba, wuyan ya ƙi. Bakina kuwa lafiyarsa ƙalau, amma abin da ya fito daga cikinsa shi ne, "Miƙo mini ruwan can."