Maɓallin Ɗigo

Aikina a kamfanin shi ne kula da inganci. Duk na'urar da za ta fita daga hannunmu zuwa asibiti sai na sa hannu a fayil ɗinta, shaidar cewa an gwada ta, an lissafa haɗurran da ke tattare da ita, an kuma toshe su. A bana abin da ke gabanmu shi ne famfon ƙarin ruwa, wata 'yar na'ura da ake ratayawa a gefen gadon majinyaci. Nas za ta danna lamba, famfon kuma ya riƙa tura magani cikin jijiya daidai wannan lambar kowace awa.

Gwaji ɗaya ya rage, wato a kawo nas-nas na gaske su yi aiki da shi muna kallo. Na mayar da ɗakin taro ɗakin jinya, na sa gado da hannun roba da ledar ruwa zalla. Nas goma sha biyu suka zo. Cikinsu har da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta shekara talatin da ɗaya a ɗakin jinyar yara. Ni na roƙe ta, sai da na yi mata waya sau uku ta yarda.

Na miƙa mata katin umarni: biyu da ɗigo biyar. Ta zura safar hannu, ta danna da irin saurin wanda aiki ya zauna masa a yatsu, ta kunna, ta juya tana gyara bututu. Na dubi allon. Ashirin da biyar.

"Gwaggo, dubi lambar."

Ta duba, ta ƙara matsowa ta duba. "Ni na sa wannan?"

Ban amsa ba, dokar gwajin ta hana. Ta cire safar a hankali ta ce, "Da jariri ne da na kashe shi." Ko ruwan da aka ajiye musu ba ta sha ba ta tafi. Kafin a tashi, wasu nas biyu sun yi irin wannan kuskuren.

Washegari da safe muka zauna da Manaja da Injiniya, wanda shi ya tsara famfon tun daga zanensa. Ya turo mini takardar haɗurra, ya riga ya cike layin. Dalili: kuskuren mai amfani. Magani: a ƙara horo, a sa gargaɗi a shafi na goma sha huɗu na littafin bayani.

"Mutum uku cikin sha biyu," na ce. "Duk kuskure iri ɗaya, a wuri ɗaya. Kuma ka ce laifinsu ne?"

"Tara sun yi daidai," in ji shi. "Na'ura abin da aka danna mata take nunawa. Ita waccan tsohuwar ma ai ido ya fara tafiya, na ga yadda take ƙanƙance shi."

"Waccan tsohuwar tana sa wa jarirai allura tun kana rarrafe."

"Au, to. Ashe abin na gida ne. Don gwaggonki ce shi ya sa kike tada jijiyar wuya."

"Cire ta daga lissafin. Saura biyu. Su ma gwaggonnina ne? Kuma wace nas ce za ta tsaya buɗe shafi na sha huɗu yaro na shiɗewa a gabanta?"

Manaja ya ɗaga hannu. Shi mutum ne mai son a rabu lafiya, muddin lafiyar ba ta taɓa ranar da ya tsayar ba. "Malama, ranar Alhamis za mu miƙa fayil ga masu ba da izini. Ki sa hannu, in akwai gyara a yi shi a zubi na gaba."

Na tattara takarduna na fita ban sa ba.

Kai tsaye na sauka ɗakin gwaji. Na zura safa, na danna biyu, ɗigo, biyar, a tsanake. Daidai. Na sake, daidai. Sai na tuna yadda yatsun Gwaggo suka bi maɓallan, na danna da sauri. Ashirin da biyar. Na yi sau hamsin ina rubutawa, sau goma sha tara ɗigon ya ƙi fitowa, alhali na ji maɓallin ya nutse a ƙarƙashin yatsana.

Mai gyara, wani dattijo da ya riga kowa zuwa kamfanin, yana can kan bencinsa yana kallona ta saman tabarau.

"'Yata, ɗigon ne ko? Ai na rubuta."

"Ka rubuta me, Baba?"

"In aka danna shi da sauri bayan lamba, na'urar ɗauka take yatsa ne ya zame, sai ta yi watsi da shi. Wata bakwai ke nan. Na kai rahoto, aka ce an duba."

Na buɗe kwamfuta na nemo rahoton. Ga shi nan, da hoto da kwanan wata. A ƙasa an rufe shi da layi ɗaya: Ba a sake gani ba. Sa hannun Injiniya ne.

Ban jira lif ba. Na hau bene da famfon a rungume, na tura ƙofar Manaja ba sallama, na dire shi a kan tebur har kofin shayinsa ya fantsala. Injiniya na nan zaune.

"Ka sani!" na ce. "Wata bakwai ka sani! Ka zauna jiya kana kallon Gwaggo ta fita tana zargin kanta, ka yi gum, yau kuma ka zo kana zancen idonta."

"Na gwada a lokacin, bai yi mini ba."

"Sau nawa ka gwada?"

Ya shiga kame-kame. Wai sau biyu ko uku, wai ana tsakiyar wani aikin.

"Da yatsa ɗaya, kana kishingiɗe a kujera! Ga safa, sa ka danna yadda ake dannawa a asibiti."

Ya ƙi karɓa. Manaja ne ya karɓa, ya zura, ya danna. A karo na huɗu allon ya nuna ashirin da biyar. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ki rage murya, ana jin ki har waje."

"A ji ni. Hannuna ba zai hau wannan fayil ba. In kuka sa wani ya sa, zan rubuta dalilina in liƙa a ciki."

Ba a miƙa fayil ranar Alhamis ba. Gyaran ya ci mako shida: aka gyara maɓallin, aka ƙara girman ɗigon, aka sa famfon ya riƙa tsayawa yana tambaya idan lamba ta yi yawa. Ba wanda ya ce mini sannu. Injiniya ya daina amsa gaisuwata, a takardar auna ma'aikata kuma Manaja ya rubuta cewa ina da wuyar sha'ani.

Wannan duk bai ƙona mini rai kamar abin da na tarar a gidan Gwaggo ba. Kwana huɗu ina ɗauke da labarin ban samu zuwa ba, ashe a kwana huɗun nan ta je an auna mata ido, ta kuma rubuta takarda a cire ta daga ɗakin yara. Da na gaya mata gaskiyar abin, ta ajiye wankin da take ninkewa.

"Wato Injiniyan naku ya sani, ya bar ni na kwana huɗu ina lissafin yaran da suka mutu a hannuna, ina cewa ko ni ce?"

"Ya sani, Gwaggo."

"Yaushe za ku sake gwajin?"

Ranar gwaji na biyu ita ta fara isowa. Injiniya ya tare ta a bakin ƙofa yana murza hannu. "Mama, game da wancan karon, an ɗan samu rashin fahimta."

"Ban haife ka ba," in ji ta. "Kuma ni na fahimta sarai. Matsa in wuce."

Ta danna lambar sau ashirin, da sauri fiye da da, duk daidai. Sannan ta naɗe bututun da gangan don ƙararrawar famfon ta yi kuka, ta taka har ƙarshen ɗakin, ta tsaya tana saurare.

"Wannan ce ƙararrawar? A ɗakin da yara takwas ke tsala ihu wa zai ji ta?" Ta dube ni. "Ke, rubuta."

Injiniya ya buɗe baki zai yi magana, Manaja ya dafa masa hannu. Na jawo sabuwar takardar rahoto na fara cikewa.